Maƙerin Zakka da harsashin da ba shi ya ƙera ba

A Amurka akwai mutanen da hutun ƙarshen makonsu ke ƙarewa wajen ɗura harsashi. Mutum zai keɓe ɗaki a gidansa ko wani lungu na garejin mota, ya kafa teburi, ya girka na'urar matsi da ma'auni, ya tattaro kwanson harsasan da ya harba a filin atisaye, ya wanke su, ya sake cika su ɗaya bayan ɗaya. Wasu don rage kashe kuɗi suke yi, wasu don tsohuwar bindigar gado ce a hannunsu wadda masana'antu suka daina yi wa harsashi, mafi yawa kuma don neman harsashin da zai fi na kanti daidaito wajen harbin bara. Kamfanoni irin su RCBS, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1943, da Hornady da Lee da Lyman, duk wannan sha'awar suke ci da ita. Dokar tarayyar ƙasar ba ta neman lasisi daga wanda ke ɗura wa kansa, sai in zai mayar da abin sana'a ya riƙa sayarwa.

Bidiyoyin waɗannan mutane sun cika YouTube, kuma ba wuya ɗan boko a Katsina ko Kaduna ya kalla ya ji abin ya burge shi. Ya kamata a faɗa tun da wuri cewa a Najeriya wannan laifi ne mai kai mutum gidan yari na shekaru. Amma akwai abin dubawa a cikin al'adar, domin a yammacin Katsina ma ana ɗura bindiga a gida, an daɗe ana yi, kuma gwamnati ta shafe shekara da shekaru ba ta yanke shawarar abin da take so ta yi da masu yin ba.

Zakka gari ne a ƙaramar hukumar Safana, wadda ta yi iyaka da Batsari ta arewa, da Dutsin-Ma ta gabas, da Ɗan Musa ta kudu, ta yamma kuma ga Dajin Rugu ya miƙe har cikin Zamfara. A irin wannan ƙasa bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko baushe, kayan aiki ce kamar fartanya da gatari. Maharbi na zuba mata albarushi ta baki, ya danna, ya zuba dalma, ya yi harbi ɗaya, sannan ya koma farko. Shi ya sa bakin mutane ya raɗa mata harba-ka-ruga. Maƙerin da ke yi wa manomi galma shi ne ke gyara ta, sau da yawa ma shi ya ƙera ta. Da ita ake korar biri daga gona, da ita ake fita farauta da rani, da ita ake buɗe bikin sarauta.

Kalmar 'yan bindiga kanta tana da tarihin da ya kamata a tuna. Kafin ta zama sunan masu satar mutane, sunan wata runduna ce ta fada, waɗanda har yau suke gaba a hawan Sallah a Katsina da Kano suna tashin ƙasa da ƙarar albarushi. Sarakunan ƙarni na 19 ba su bar bindiga ta watsu hannun kowa ba. Bayin sarki amintattu suke damƙa wa, a ƙarƙashin shugaban da aka sani. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno ya kawo Turkawa masu harbi suka horar da dakarunsa. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin Zinder. Ko ina aka duba, abu ɗaya ne: bindiga tana da mai ita, mai ita yana da shugaba, shugaban kuma yana amsa tambaya a fada. Maharba ma haka, suna da Sarkin Baka ko Sarkin Dawa. Maƙera suna da Sarkin Maƙera.

Turawa sun zo da nasu tsarin. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta hana shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar wa baƙar fata tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi, a kan wannan tunanin aka gina ta. Ta kasa bindigogi gida uku. Na farko makaman yaƙi ne, waɗanda ba mai riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa. Na biyu bindigogin farauta na zamani, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, wato bindigar toka da danginta, kuma al'amarinsu an bar shi a matakin jiha, tsakanin kwamishinan 'yan sanda da gwamna. Dokar ta haramta ƙera bindiga ko harsashi a wajen rumbunan gwamnati, amma ta bar ƙofa ɗaya a buɗe: Sufeto Janar, da amincewar gwamna, na iya ba mutum izinin ƙera da gyara bindigogin rukuni na uku, ya kuma ajiye rajistar masu izinin.

Wannan ƙofar ita ce ba a bi. Maƙerin ƙauye yana aiki ne a wani hali mai ban mamaki: hakimi ya san shi, mai unguwa ya san shi, ɗan sandan da ke kan hanyar kasuwa ya san shi, 'yan banga a wurinsa suke gyara, amma a takarda babu shi. Ranar da aka bukaci nuna wa 'yan jarida cewa ana aiki, sai a ɗauko shi a zaunar da shi a ƙasa gaban hedikwata, a jera bututun ƙarfe da zuga-zugi a gabansa, a kira wurin masana'antar makamai.

Kafin a yi maganar abin da ya kamata a yi masa, sai a duba abin da ya faru da mutanensa. A watan Mayun 2019 an kashe manoma a gonakinsu a 'Yargamji ta Batsari, har jama'a suka ɗauko gawarwakin suka kawo birnin Katsina don hukuma ta gani da idonta. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka afka wa Tsauwa da Dankar, aka kashe mutum 30. Cikin Afrilun shekarar aka kashe 47 a hare-haren dare ɗaya a ƙauyukan Safana da Ɗan Musa da Dutsin-Ma. A Disamba aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300. A Satumban 2021 aka rufe layukan waya da manyan kasuwanni a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, har da Safana da Batsari. Mutumin da ya ga duk wannan, wanda barikin soja mafi kusa da shi ke da nisan da kafin a iso an gama, ba wanda zai ce masa ya jefar da bindigar kakansa ya kuma saurare shi.

Shugabanni ma sun san haka, shi ya sa suka riƙa faɗin abin da ba su da ikon aiwatarwa. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari, wanda ya gwada sulhu a 2016 da 2019 bai ɗore ba, ya fito ya ce jama'a su nemi makamai su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce za ta raba takardun neman lasisin bindiga ta hannun masarautu. Kafin mako ya zagayo kwamishinan 'yan sandan jihar ya ce takunkumin ba da lasisi na nan daram, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. To talakan Zakka wa zai bi? Gwamna ya ce ya nemi bindiga, Abuja ta ce ba lasisi, ɗan sanda kuma na jiransa a shingen hanya. Abin da aka samu daga wannan ja-in-ja shi ne mafi munin duka biyun: bindigogi sun ƙaru, ba a kuma san yawansu ko masu su ba.

A nan ne al'adar Amurka ke da abin koyarwa, kuma ba wanda masu sha'awar ta ke zato ba. Abin da ya sa mutum zai iya ɗura harsashi a garejinsa ya kwana lafiya da yatsunsa goma shi ne tarin ƙa'idojin da ke kewaye da shi. Akwai ƙungiyar masana'antu, SAAMI, da aka kafa a 1926, wadda ta tsayar da girman kowane harsashi da iyakar ƙarfin da bindiga za ta iya ɗauka. Akwai littattafan awo da kamfanoni suka gwada a ɗakin bincike kafin su buga. Mai ɗuri na auna garinsa da ma'aunin da ke gane bambancin da bai kai nauyin ƙwayar gero biyu ba, ya rubuta a littafi abin da ya zuba da ranar da ya zuba. A Jamus ma sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa kafin a ba shi izinin sayen garin. A Ingila tun 1813 akwai gidan gwajin bindiga a Bamingam, inda ake harba kowace sabuwar bindiga da ɗuri mai nauyi, in ta jure a buga mata hatimi. Abin lura, daga wannan birnin ne aka yi ta loda wa jiragen ruwa bindigogin fatauci zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Bindigar ta iso, gidan gwajin bai biyo ta ba.

Maharbin Zakka da ido da tafin hannu yake awo. Bututun bindigarsa ba wanda ya gwada shi sai ranar da ya harba. Duk wanda ya zauna cikin maharba ya ga mai guntun yatsa ko mai tabon ƙuna a fuska, kuma ba a daji aka ji masa ba, bindigarsa ce ta fashe a hannunsa. Albarushin kuma a ɗaki yake ajiye shi, ɗakin da ake kunna fitila ake hura wuta, yara na shiga suna fita. Wannan matsala ce ta lafiyar jama'a tun kafin ta zama ta tsaro, kuma ba a iya gyara sana'ar da aka ce babu ita.

Sai babbar magana, wadda ake yawan tsallakewa. Bindiga tana shekara 40 tana aiki, harsashi kuwa harbi ɗaya ne ya ƙare. Ɗan bindigar da ke Dajin Rugu zai iya riƙe AK-47 ɗaya tsawon rayuwarsa, amma kullum sai an kai masa abin zuba mata. Wannan abin kuwa ba ya fitowa daga maƙera. Kwanson tagulla ko na ƙarfe, da 'yar hular da ke tayar da wuta a gindinsa, da garin zamani marar hayaƙi da Faransawa suka fara yi a 1884, duk aikin masana'anta ne mai injuna da sinadarai. Ko ɗan Amurkan da ke taƙama da ɗurin gida saye yake yi, haɗawa kawai yake. Lokacin da hular ta yi ƙaranci a kasuwar Amurka a 2020 da 2021, na'urorinsu zama suka yi. Ke nan duk harsashin da aka harba a Tsauwa wata masana'anta ce ta yi shi, wani ya saya da takarda, wani ya karkatar da shi, wani ya ɗauko shi a mota ya ratsa shingaye har bakin daji.

Ba a rasa sanin hanyoyin ba. Ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar da rahoto a farkon 2020 kan makaman da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara, ta gano wasu daga rumbunan Libiya na zamanin Gaddafi, wasu daga na Kodebuwa, wasu bindigogin Turkiyya ne da suka shigo ta tashar ruwan Legas, wasu kuma daga rumbunan jami'an tsaron Najeriya kansu. A 2017 kaɗai kwastam ta kama irin waɗannan bindigogi sama da 2,600 a Legas. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai da harsasai 178,459 ne ba a iya gano inda suka shiga ba daga rumbunan 'yan sanda, 88,078 daga ciki AK-47 ne. 'Yan sandan Katsina da Zamfara kuwa sun sha kama masu dakon harsasai, har da mata, sun ɓoye cikin buhun hatsi ko jarkar mai. Ana nuna ɗan dako, ba a cika jin an kai ga wanda ya ba shi ba.

Ana iya kaiwa, in an so. Kusan kowane kwanso yana ɗauke da tambari a gindinsa da ke nuna masana'anta, sau da yawa har da shekara. Birazil ta ƙara wani mataki tun dokarta ta 2003: harsashin da za a sayar wa 'yan sanda da soja sai an buga masa lambar rukunin da ya fito. Da aka kashe 'yar majalisar birnin Riyo, Marielle Franco, a 2018, kwanson da aka tsinta a wurin ne ya nuna harsasan na cikin waɗanda aka sayar wa 'yan sandan tarayya a 2006. Najeriya tana da masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, ta kuma sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 2006, wadda ta wajabta sa alama a makamai da harsasai, ta kuma bukaci kowace ƙasa ta yi rajistar masu ƙera makamai na cikin gida. Tun 2021 akwai cibiyar ƙasa ta kula da ƙananan makamai a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, an kuma ba ta doka a 2024. Amma bayan an kai hari ƙauye, yara ne ke tsince kwanson su yi wasa da shi ko su kai wa 'yan gwangwan. Shaidar da za ta iya nuna daga wane rumbu kisan ya taso, a kilo ake sayar da ita.

Akwai masu cewa yi wa maƙera rajista halasta ta'addanci ne ta bayan gida, kuma maganarsu tana da nauyi. Maƙerin yau ba na jiya ba ne. Yana da injin walda da janareta, kuma wasu sun wuce bindigar toka sun koma ƙera masu cin harsashin kanti, har da masu kwaikwayon AK. Mai kuɗi kuma ba a tambayarsa daga wane gefen daji ya fito. Na biyu, wanda ya fi zafi: 'yan sa-kai da wannan bindigar gida suka yi ta kashe Fulani a kasuwanni da kan hanya ba tare da shari'a ba, kuma duk wanda ya bi tarihin rikicin nan tun daga Zamfara ya san wannan kisan na cikin abin da ya tura matasa daji ya kuma ba su hujjar ramuwa. Na uku, kare kai yana da farashi. A Agustan 2025 aka kashe masallata da asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi, hukumomi kuma suka ce ramuwar gayya ce kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi wa 'yan bindiga kwanaki kaɗan kafin nan. Harba-ka-ruga ba ta tsayawa gaban bindiga mai zuba harsashi 30 ba tsayawa.

Duk waɗannan gaskiya ne. Sai dai kowannensu ya faru ne a ƙarƙashin tsarin da ake da shi yanzu, na haramci a takarda da kawar da kai a aikace. Maƙerin da ba shi da izini ba shi da abin da zai rasa in ya ƙera wa ɗan daji. Ko ya yi ko bai yi ba, mai laifi ne a idon doka. Wanda ke da izinin ƙera bindigar toka kaɗai, sunansa na littafin hakimi da na 'yan sanda, yana buga lamba a kowace bindiga, yana rubuta wanda ya saya, wannan yana da abin karewa, kuma shi ne zai fara sanin in wani a unguwar ya soma ƙera abin da ya fi ƙarfin farauta. Ɗan sa-kai da bindigarsa ke da lamba da suna ya san ana iya zuwa ƙofar gidansu. Albarushi kuma in akwai wurin sayarwa sananne mai littafi, da wurin gwada bututu ko da ɗaya ne a Dutsin-Ma ko Katsina, yatsu da idanu da yawa za su tsira. Gana ta gwada haɗa maƙeranta cikin ƙungiyoyi don hukuma ta san da wa take magana, maimakon farautar su ɗaya-ɗaya.

Takardar tana da wani amfanin da mutanen arewa suka koya da hawaye. A ƙarshen Maris na 2025 aka tare wata babbar mota a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin toka a hannun mafarauta 'yan Kano da ke komawa gida hutun Sallah, aka kira su masu garkuwa da mutane, aka kashe 16. Ba takardar da za ta hana taron da ya riga ya yi niyyar kisa. Amma ƙasar da ba ta da hanyar da kowa ya yarda da ita ta bambance maharbi da ɗan ta'adda, ta bar wannan hukuncin a hannun duk wanda ya tare hanya.

Gwamnatin Katsina ta riga ta amince da rabin wannan hujja. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma mai mutum kusan 1,500, aka ɗauko matasa daga garuruwansu, aka horar da su, aka ba su kaki da albashi da shugabanni. Ma'anar wannan ita ce mai makami sananne ya fi wanda ba a sani ba. Abin da ya rage shi ne a kai wannan tunanin ga maharbi da maƙeri, waɗanda suka fi rundunar yawa nesa ba kusa ba, kuma wannan ba ya bukatar sabuwar doka. Gwamna ne zai rubuta wa Sufeto Janar ya nemi a yi aiki da abin da dokar 1959 ta tanada, a fara da gunduma ɗaya ko biyu, a sa hakimai da sarakunan maƙera da na maharba a gaba, a kuma haɗa da ardo-ardo, domin makiyayin da bai shiga daji ba shi ma yana da bindigar toka yana kuma da tsoro.

Lokacin ma ya dace. A 2025 an ƙulla sulhu tsakanin al'ummomi da 'yan bindiga a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗan Musa da wasu ƙananan hukumomi, hare-hare sun ragu a wasu wuraren, manoman rogo da gero sun koma gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba. Amma kowa ya ga hotunan zaman sulhun: mutanen daji sun zo rataye da bindigoginsu da jigidar harsasai, sun kuma koma da su. In aka ce a irin wannan hali manomin Zakka ne zai fara ajiye tasa, ba zai ajiye ba, zai ɓoye ta ne a rumbu. Rajista ita ce abin da zai iya yarda da shi, muddin an tabbatar masa littafin ba zai zama jerin sunayen waɗanda za a zo kamawa gobe ba, kuma muddin ya ga an fara tattara kwanson da ake bari a gonarsa ana bin sawun lambobin da ke gindinsu har rumbun da suka fito.